Kukan Ƙafar Gaba ta Hagu

A shekarar da kogi ya ƙafe har ana taka shi da ƙafa daga Gamkalley zuwa Kirkissoye, aka wayi gari da gawar Halimatou a tsakiyarsa.

Halimatou mai garka ce, da noman ganyen salati da albasa take ciyar da marayunta. Da ruwa ya janye ya bar rairayi da tsagaggiyar laka, masu garake suka koma haƙa ramuka a cikin kogin, suna jiran ɗan abin da zai tsattsafo. Wanda ya riga zuwa shi ke samu, shi ya sa take fita tun kafin assalatu. An same ta a bakin raminta, kai a fashe, gwangwanin ban-ruwanta da muke ce wa arozuwa yana can gefe a lotse.

Kafin hantsi unguwa ta gama shari'a. Oumarou ne, wani makiyayi da fari ya koro daga arewa, ya kafa 'yar rumfa a gaɓa da saniyarsa guda da ta rage. An ji Halimatou tana zazzaga masa ruwan masifa saboda saniyar ta sha mata rami. Yana da sanda, ba ya jin Zabarmanci, ba shi da kowa. Mutanen Gamkalley ba su nemi abin da ya wuce haka ba. Jandarmomi suka tafi da shi yana tari. Zamanin soja ne, wanda aka ɗauke daga Niamey da laifin kisa zuwa gidan kason cikin daji ba a cika sake jin ɗuriyarsa ba, balle mai irin wannan tarin. Aka ce ranar Juma'a za a ɗauke shi.

Ni sunana Mumuni, makanike ne, garajina yana kan hanyar da ta gangara kogi. Ba ni da wata baiwa sai kunne. Mota takan wuce in faɗa maka ciwonta ban ɗago kai ba, abin da ya sa matata ke cewa na fi jin kukan ƙarfe da na mutum. Ba ruwana da wannan magana har sai da mai unguwa, wanda ransa bai kwanta ba, ya aika hayin kogi a kira Issoufou.

*

Issoufou tsohon mai bin sawu ne daga ƙasar Tahoua. Can gida, in raƙumi ya ɓata shi ake kira. Fari ya cinye raƙuman, ya dawo yana gadin wata garka a Kirkissoye. Dogo ne busasshe, idonsa kullum a ƙasa, kamar wanda ya yar da allura.

Bai tsaya a bakin ramin ba, don 'yan kallo sun tattake wurin kamar kasuwa ta tashi. Ya ja nesa ya riƙa kewayawa. Can ya tsuguna, ya daɗe, sannan ya ce a nemo masa mai gyaran mota. Da na zo ya nuna mini ƙasa da haɓa.

"Ƙafar dabba na sani. Wannan kuwa taka ce. Mece ce?"

"Sawun bashe ne, Baba." Haka muke kiran ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya.

"Daga wajenku ta gangaro. Ba ta taka birki ba kafin rami, ba ta taka ba bayansa." Ya sa aka miƙo masa arozuwar, ya jujjuya ta. "Sanda ba ta yi wa ƙarfe haka. Kuma ina kanta?"

Sai a lokacin muka lura. Kan nan mai huji-huji da ke watsa ruwa babu shi. An bincike rairayin ba a gan shi ba.

Ba sai an gaya wa kowa abin da ke kai mota cikin kogi da dare, fitila a kashe, ba. Sojoji na tsare da gada, suna sauke kaya, suna sauke mutane. Duk wanda suka gane ɗan gudun yunwa ne sai a tara shi da 'yan'uwansa a loda a kamiyo, babbar motar kaya, a mayar arewa, inda suka baro kaburbura. Mai abin ɓoyewa ta ƙasa yake bi.

Sawun ya ɓace cikin na amalanken masu ɗiban yashi. Issoufou ya miƙe yana duban hayin Kirkissoye. Ya daɗe yana duba har na yi zaton ya manta da mu.

*

Mutum ɗaya ne ke kwana a cikin kogin, Abdulaye, tsohon masunci makaho. Jirginsa na kife a kan yashi, ya ƙi rabuwa da shi, ya ce in ruwa ya dawo bai kamata ya tarar ba kowa ba. Jandarmomi ba su tambaye shi komai ba, wai me makaho ya gani.

"Fofo, tsoho," in ji Issoufou. "Me ka ji ranar?"

"Mota. Ta shiga shiru, ta fito tana kuka."

"Wane irin kuka?"

Abdulaye ya tattara leɓe ya fitar da wata siririyar murya, ta tashi ta sauka, ta sake tashi, kamar jaririn da ya gaji da kuka amma bai daina ba. Matan da suka biyo mu suka ja da baya suna salati. Kafin azahar labari ya cika Gamkalley, wai Halimatou ta shige cikin motar da ta kashe ta. Ni kaina, da nake wa irin wannan zance dariya, sai da tsigar jikina ta tashi. Ba don fatalwa ba. Don na san na taɓa jin kukan nan, na rasa inda.

*

Bashe biyu unguwa ta nuna da baki.

Ta farko ta Alhaji Musa ce, mai sayar da hatsi, wanda kowa ya san buhunansa na da ƙafa, suna tsallake kogi a ɓoye. Yana ganinmu zufa ta keto masa.

"Ni ban taɓa shiga kogi ba. Wa ya ce na shiga? Motata ma ba ta da lafiya, tambayi Mumuni."

"Shi ya sa muka zo, Alhaji," in ji Issoufou.

Na ɗaga ta a kirik, wato jak, na kama ƙafar gaba sama da ƙasa na girgiza, ta yi lakwas-lakwas. Na juya ta, ta yi gurnani. Rulma ce, ƙwallayen ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu. In ta mutu ruri take kamar jirgin sama daga nesa, yana ƙaruwa da gudu. Tun kafin azumi nake ce wa Alhaji ya sake ta, rowa ta hana. Tayoyinsa kuma sun suɗe kamar tafin hannu, na cikin kogin kuwa da zane. Alhaji yana da abin jin tsoro, amma ba namu ba ne.

Ta biyu ta Ibrahim ce, mai jigilar bulo, da lotsewa a goshinta har da busasshen jini. Nan kam jama'a suka ce an gama. Ibrahim ya rantse jaki ya buge a hanyar Yantala. Issoufou ya ƙanƙaro jinin da farce, ya ɗaga shi ga haske, ya zaro gashi gajere mai launin toka.

"Jaki ne. Kuma yunwa ta gama da shi kafin ka zo."

Muka zaga da ita. Ƙwas-ƙwas take yi in ta faɗa rami, a sumul kuwa shiru. Wannan ciwon gaɓa ne, ba kuka ba.

A hanyar komawa na riƙa yi wa tsohon karatu, don makanike in ya sami mai saurare ba ya gajiya. Mai ruri rulma ce. Mai ƙwanƙwasa gaɓa ce. Mai ƙara in an taka birki, birkin ne ya cinye. Amma mai tashi yana sauka da kowane juyin ƙafa, ko an taka ko ba a taka ba, wannan wani abu ne ya shige bayan ƙafar ya maƙale yana gogawa. Ina cikin faɗa sai bakina ya tsaya.

"Baba, na tuna. Akwai wata. Kullum da safe takan wuce garajina da itace. Da, ko ƙusa ce ta kwance sai mai ita ya tsaya. Tun ranar nan wucewa yake, ko gaisuwa babu, ƙafar hagu tana wannan kukan."

"Ta wa?"

"Ta Hamisu mai itace. A hayinku yake."

Issoufou bai tsaya ba, bai kuma juyo ba. Sai da muka yi nisa ya ce, "A hannuna ubansa ya bar shi."

*

Na raka shi Kirkissoye, muka taka kogin da la'asar. Ɗakinsa na kara ne a gefen garka. Wata mata ta fito da ruwa a ƙwarya, siririya ƙwarai, yara biyu riƙe da zanenta. Ya ce 'yarsa ce, Zeinabu. Mijinta ya rasu can arewa, ita kuma ta iso da yaran kwanan nan. Bai faɗi ranar ba, ni ma ban tambaya ba.

Tana miƙo mini ƙwaryar sai ga kukan daga bayan garake, yana tashi yana sauka, Hamisu ya dawo daga gari. Ƙwaryar ta suɓuce ta fashe. Zeinabu ta toshe kunnuwa da yatsu ta durƙushe, ba ta buɗe ba har motar ta yi nisa.

Issoufou ya ja ta bayan zana. Zana ba ta riƙe magana, na ji komai.

"Ta gada kuka biyo?"

Bai jira amsarta ba, ya ƙara:

"Hamisu ya ce mini ta gada kuka biyo, ya lulluɓe ku sojoji ba su duba ba."

"Sun tsananta ranar, Baba. Ya hango ana sauke mutane, ya juya." Ta ci gaba, "Ya ce mu kwanta, ya rufe mu da tabarmi. Muna cikin tafiya na ji mun hau wani abu. Ya ce dutse ne."

"To?"

"Dutse ba ya kiran sunan Allah, Baba."

Na ji yaran suna wasa da ɓallin ƙwarya a gabana, na rasa inda zan sa idona.

"Akwai mutum a kulle," in ji Issoufou. "Jibi za su ɗauke shi."

"In ka faɗa, za su tambayi abin da ya ɗauko. Ka san inda za su mai da mu. Can na binne babbansu, na binne ubansu. Waɗannan biyun kaɗai na fito da su." Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi ya fi sauƙin ji. "Kai ka aike shi, Baba. Taimakonmu ya yi."

Da Issoufou ya fito ya raka ni bakin gaɓa, na ce, cikin tausayi da kuma tsoro, "Baba, ni ban ji komai ba. Kuka irin wannan, aikin ɗan lokaci ne in cire shi ba wanda ya sani."

Ya dube ni, karo na farko ido cikin ido.

"In ka cire daga motar, wa zai cire wa Zeinabu?" Ya juya. "Gobe ka share garajinka."

*

Ranar Alhamis da hantsi garajina ya cika har kan hanya. Mai unguwa ya shawo kan ajidan, wato babban jandarma, ya zo, wani gajere mai gashin baki, yana ta duban agogo. Aka jera bashe uku. Alhaji Musa yana jan carbi da sauri, Ibrahim yana mita an hana shi aiki. Hamisu kuwa Issoufou ne ya zo da shi da kansa, suna zaune gaba tare. Ya rame, idanunsa ja kamar wanda bai san barci ba.

Aka zaunar da Abdulaye a kan tsohuwar taya. Ta Alhaji ta wuce da rurinta, ya girgiza kai. Ta Ibrahim ta wuce, ya yi tsaki. Da ta Hamisu ta motsa, ba a ma jira makahon ba. Kukan ya tashi ya sauka a tsakiyar mutane, siriri, mai ban tausayi. Wata ƙanwar Halimatou ta zube ƙasa. Abdulaye ya ce a hankali, "Ita ce."

"Kukan mota ba shaida ba ne," in ji ajidan.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Issoufou. "Mumuni, cire ƙafar."

Na sa kirik, na kwance. Abin da na fara gani ba na gyara ba ne. Layu ne sababbi, ɗaure da jan zare a jikin ƙarfe, har da alamar rubutun da aka kwarara ya bushe. Yaron nan, da ya san hanyar garajina ido rufe, wajen malamai ya kai motarsa. Ya tsuguna ya ɗaura layu a nan, bai iya leƙa abin da ke bayansu ba.

Na zura hannu. Akwai faifan ƙarfe da ke kare birki daga ƙura, ya lanƙwashe ciki, wani abu ya cushe tsakaninsa da inda ƙafa ke juyawa. Na sa filaya na fizgo. Gwangwani ne a murɗe, gefe guda ya goge yana ƙyalli, sauran duk huji-huji.

Issoufou ya karɓa, ya ɗora shi a bakin lotsattsiyar arozuwar. Yagewar ta hau daidai.

Hamisu ya zame jikin motar ya zauna a ƙasa.

"Ban gan ta ba. Wallahi ban gan ta ba. Na kashe fitila." Ya dubi abin da ke hannun Issoufou kamar bai yarda ba. "Gwangwani ne? Na ɗauka ita ce. Ko motar a kashe take ina jin ta."

Ajidan ya daina duban agogo. "Me ka ɗauko da ya hana ka bin gada?"

"Itace."

"Itace daga hayi yake shigowa gari. Ba a fitar da shi." Ya matso. "Me ka ɗauko?"

"Itace, ranka ya daɗe."

Jandarma guda ya zare bel. Hamisu ya sunkuyar da kai ya shirya wa duka, na kuma ga alama ko za a kashe shi ba zai sake kalma ba. Da Issoufou ya yi shiru a nan, ba mai zarginsa, don Oumarou ya riga ya kuɓuta.

"Kada ku taɓa shi," in ji tsohon. "'Yata ya ɗauko da jikokina. Ni na aike shi."

Hamisu ya ɗago. "Kawu, don me?"

"Ka ɗauki naka. Ba za ka ɗauki nawa ba."

Ajidan ya dube shi. Ba mugun mutum ba ne, na gani a fuskarsa, amma ga taro, ga na ƙasa da shi suna kallo. Ya ce, "Ka san doka, tsoho."

"Na sani."

Na mayar da ƙafar na ɗaure. Da aka ja motar zuwa jandarmari, ta tafi sumul, ko ƙis ba ta yi ba.

*

Ranar Juma'a na rufe garaji na tafi filin da ake loda mutane. Mutanen Gamkalley da suka gama shari'a kafin hantsi, ko ɗaya ban gani ba. Kamiyo ne babba, an cika shi har wuya. Ba a ce Issoufou ya tafi ba, yana da aiki, yana da wanda zai tsaya masa. Amma na tarar da shi a sama, jika ɗaya a cinya, Zeinabu a gefensa ta juya masa baya.

Ana shirin rufewa jandarmomi suka kawo mutum na ƙarshe. Oumarou ne. An wanke shi daga kisa, amma ba a wanke shi daga zama ɗan gudun yunwa ba. Saniyarsa ta mutu a ɗaure yana kulle. Ya hau da ƙyar yana tari, ya rasa wurin zama. Issoufou ya matsa ya ba shi gefen tabarma. Oumarou ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Bai san ko wane ne ba, tsohon kuma bai gaya masa ba.

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Issoufou ya leƙo.

"Mumuni, hanyar da nisa. Saurara mini ƙafafunta."

Shofer ya tayar, kamiyo ya fara mirginawa. Na bi gefensa na kasa kunne, gaba da baya, hagu da dama. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa jin ƙafafu masu lafiya kamarsu ba.

"Lafiya lau suke, Baba. Ba sa komai."

Ya gyaɗa kai. Na ɗaga ido in yi wa Zeinabu sallama, na ga ta sunkuya, yatsunta a cikin kunnuwa.